Abin da Aka Ce Jannatu Ta Yi

Jama'a, yau ku gyara zama, don ba labarin lalle da kayan lefe zan ba ku ba. Har yanzu idan na tuna daminar nan ta 1994 sai in ji yawun bakina ya ƙafe.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Mas'uda, 'yar Malam Sha'aibu mai gyaran keken ɗinki a bakin babbar kasuwar Suleja. A lokacin shekarata ashirin da ɗaya, na gama sakandare, ina zaune a gida ina saƙa hulunan jarirai da safa ina kai wa masu jego a ƙaramin asibitin haihuwa na unguwarmu. Ina kuma jiran a sa mana rana ni da Nasiruddeen. Shi akawu ne a wata ma'aikata a Abuja, cikin mutanen nan da ke sammako su cika bas a tasha, su dawo da magariba wuyan rigarsu ya yi ja. Manyansa sun riga sun zo, an karɓi goro, sa rana kawai ya rage. Ina son shi. Gara in faɗa muku wannan tun yanzu, kada in zo wani wuri ku ce dama can ba son shi nake yi ba.

Mu biyu ne mata a wurin Inna, ni da Jannatu. Shekararta goma sha huɗu, siririya, ga surutu, ga dariya, idan ta fara ba ta tsayawa sai ta dafa bango. Har lokacin duwatsun carafkenta na nan cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin gadonmu.

Tun shekarar da ta gabata ta fara ciwon mara. Duk wata sai ya kwantar da ita, ta yi ta murƙususu a kan tabarma tana cizon gefen zani, bayan 'yan kwanaki ya sake ta. Inna ta ce girma ne ke tafe, ta riƙa jiƙa mata kanwa. Girman kuwa bai zo ba. Ko ɗigon jini Jannatu ba ta taɓa gani ba, kuma ba wanda ya zaunar da ita ya tambaye ta, don a gidanmu ba a wannan maganar. Ni kaina ranar da na fara al'ada, Inna ta miƙo min tsumma ne fuskarta na kallon bango, ta ce, "To, kin girma. Daga yau namiji ya taɓa ki, ciki ne." Iyakar karatun da aka yi min ke nan. Ashe ranar Jannatu na bakin ƙofa, ta ji, ta kuma riƙe.

Ba wai babu inda ake wannan karatun ba ne. Sista Yetunde, ungozomar ƙaramin asibitin nan, Bayarabiya haifaffiyar Suleja wadda Hausa ta zauna daram a bakinta, tana tara 'yan mata duk Asabar da la'asar a ƙarƙashin rumfar kwano, da allo da alli, tana yi musu bayanin jikinsu. Amma Baba ya ce a gidansa ba wadda za ta je a buɗe mata ido, kuma ba shi kaɗai ya faɗi haka a layinmu ba. Ni dai idan na kai huluna nakan yi jinkiri wajen ɗaure ƙullina, in riƙa tsintar maganarta da gefen kunne.

Ranar da abin ya fashe, Gwaggo Asibi, yayar Baba, ta zo daga Diko da doya da garin rogo. Tana zaune a tsakar gida tana shan kunu, Jannatu ta ɗaga hannu za ta shanya wanki a igiya, rigarta ta ɗan ɗage. Sai na ga Gwaggo ta ajiye ludayi.

"Ke, zo nan."

Jannatu ta zo tana murmushi, a zatonta tsaraba za a ba ta. Gwaggo ta ɗora tafin hannu a ƙasan cibiyarta ta danna. Wurin ya yi tudu, kamar an kifa ƙaramar ƙwarya, ga tauri. Jannatu ta yi ƙara.

"Halima!" Gwaggo ta ƙwala wa Inna kira. "Kina cikin gidan nan, da idonki biyu, har abu ya kai haka?"

Aka ja ta ɗaki aka sa sakata. Ni aka bar ni a waje, amma ƙofar langa-langa ce, ba abin da take ɓoyewa.

"Yaushe rabonki da jini?"

"Wane jini, Gwaggo?"

"Ni za ki raina wa hankali? Yaushe kika ga wankinki na ƙarshe?"

"Wallahi ban taɓa gani ba. Ki tambayi Inna."

"To wa ya taɓa ki?"

Na ji ƙarar mari. Na ji Inna na salati.

"Na ce wa ya taɓa ki? Namiji ya taɓa ki ko bai taɓa ki ba?"

Sai muryar Jannatu ta fito, can ƙasa. "Ya taɓa ni."

Na zauna a bakin ƙofar. Ku kuma ku sani, tun da ma'aikatan Abuja suka cika Suleja, Baba ya yanka ɗakuna uku ya zuba 'yan haya, bangon ma bai kai rufi ba. Kafin la'asar maganar ta kai bakin famfo.

Da aka buɗe ƙofar na same ta a bayan madafa, ta cusa kai tsakanin gwiwoyi, shatin yatsun Gwaggo kwance a kumatunta. Na durƙusa gabanta.

"Jannatu, dube ni. Wane ne?"

"Ban san sunansa ba, Yaya."

"A ina?"

"A mota. Ranar da Inna ta aike ni Madalla wurin mai atamfa. Motar ta fara tafiya ban gama shiga ba, sai kwandastan ya riƙe ni ya jawo ni ciki."

"Ya riƙe ki a ina?"

Ta miƙo min hannunta, ta nuna wuyan hannun. "Nan."

"Sai kuma me?"

"Shi ke nan. Na zauna kusa da wata mata mai kaji." Ta fashe da kuka. "Tun ranar nake wanke wurin da sabulu, Yaya. Da na ga cikin yana tasowa na san shi ne. Ai Inna ta ce in namiji ya taɓa mutum..."

Jama'a, ban san lokacin da na rungume ta ba. Dariya ta zo min, kuka ya danne ta. Yarinyar nan wata da watanni tana ɗauke da wannan tsoron ita kaɗai, muna kwana gado ɗaya.

Da gudu na je na faɗa wa Inna. Na ga idonta ya ɗan yi haske, amma Gwaggo ta riga ta magana.

"Ke ma yarinya ce, Mas'uda? Riƙon hannu ke kumbura mara? Ta tsara miki, kin hau kin zauna. Ni na haifi tara, hannuna ba ya yi min ƙarya."

"To a kai ta asibiti a duba mana, Gwaggo."

"Asibiti! Inda rabin matan unguwa ke zaune a benci suna jiran awo? Ki ce kawai a kira maroƙi ya yi shela." Ta juya wurin Inna. "Akwai wata tsohuwa a wani ƙauye gaba da Lambata. Jiƙo ɗaya take bayarwa, komai ya wanke. Jibi zan tafi da ita, a ce ta je taya ni aikin gona."

Baba bai doki Jannatu ba. Da ma ya doke ta. Da aka faɗa masa, ya zauna a kan buzunsa ya daɗe yana kallon ƙasa, tuwonsa ya huce a gabansa. Washegari da safe ta durƙusa ta ce, "Baba, ina kwana," ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya raɓa ta gefenta ya wuce. Wannan yarinyar da yake kira Uwata, yana ajiye mata ƙosai a aljihu.

Da magariba ta wuce aka ce ana sallama da ni. Na san Nasiruddeen ne. Na sa atamfata mai ruwan ganye da ya ce tana yi min kyau, na yafa farin gyale, na ɗan goga hoda don kada kumburin idona ya fito. Yana tsaye a zaure da farar riga mai dogon hannu irin ta ofis, ko gida bai biya ya canza ba. Tabarmar da na shimfiɗa bai zauna ba.

"Mas'uda, me nake ji?"

"Me ka ji?"

"Kin san abin da na ji. A cikin bas na ji shi, daga bakin mutumin da bai ma san ni ne zan auri yayarta ba."

"Ƙarya ne. Wallahi ƙarya ne, ba ta san komai ba. Ciwo ne."

"An ce da bakinta ta amsa."

"Hannunta kwandasta ya riƙe! Ita a tunaninta..."

Ya ɗaga min hannu, a gajiye, ba da faɗa ba. "Ni ko na yarda, Hajiya fa? Ta ce a dakata da maganar sa rana. Ta ce gidan da ƙarama ta yi haka, sai an bincika babba."

Na ji kamar an watsa min ruwan zafi. "Kai kuma ka ce mata me?"

Ya riƙa juya makullin babur ɗinsa, wanda yake ajiyewa a tasha, a yatsa.

"Ka ce mata me, Nasiru?"

"Uwata ce, Mas'uda. Ki bari ƙurar ta lafa. In gwaggonku ta tafi da ita kamar yadda na ji, wata biyu uku mutane za su manta, sai mu ci gaba."

Wato har shirin Lambata ya sani, kuma ya yi masa daidai. Na kalli mutumin nan da nake ƙirga kwanakin zama matarsa. Ya ce sai da safe. Na juya na shige gida.

Safiyar tafiya aka tashi da yayyafi. Gwaggo ta fita tasha neman mota, Inna na ɗaki tana cusa kayan Jannatu a jakar leda tana share hawaye da bakin ɗankwali. Ni kuwa na je bayan gida na tarar da Jannatu a durƙushe, ta dafa bango, gumi na zuba daga goshinta duk da sanyin da ake yi.

"Yaya, fitsari ya ƙi fita."

"Tun yaushe?"

"Tun jiya. Ina ji, ina ji kamar zan fashe, amma ya ƙi." Ta damƙi hannuna har farcenta ya shige ni. "Yaya, mutuwa zan yi? Ki ce wa Baba ya yafe min."

Marar ta ƙara tashi, ta yi tamau, ko zani ba ta iya ɗaurawa a kai. A nan ne wata magana ta faɗo min, wadda na taɓa tsinta a rumfar kwano ina ɗaure ƙullin huluna. Sista Yetunde na buga alli a allo tana cewa, duk yarinyar da ke ciwon mara wata-wata amma jini bai taɓa zuwa ba, kada a yi ta ɗura mata jiƙo, a kawo ta a duba.

Na hango hanyar Lambata a raina, ramuka, motar da ke tsayawa a kowane ƙauye, da tsohuwar da za ta ba wa yarinyar da fitsari ya ƙi fita ƙwarya guda ta sha. Ban yi shawara da kowa ba. Na durƙusa na ce, "Hau."

Na goya ta kamar jaririya, na ɗaure da zanin Inna da ke kan igiya, na jefa mata hijabi a ka. Matar ɗaya daga cikin 'yan haya na wanke-wanke, ta saki baki tana kallonmu. Inna ta leƙo.

"Mas'uda! Ina za ki kai ta? Gwaggonku na zuwa!"

"Ta zo ta same mu a asibiti."

"Babanku zai tsine miki!"

"Ya tsine min tana da rai, Inna."

Ban taɓa mayar wa Inna magana ba sai ranar. Na fita cikin yayyafi, silifas ɗina na maƙalewa a taɓo. Mata na bakin famfo da bokitai, duk suka zuba mana ido. Ban sunkuyar da kai ba, don ba ni da hannun da zan gyara gyale ma.

Benci cike yake da masu awo, kamar yadda Gwaggo ta faɗa. Sista Yetunde na rubutu a tebur, da farar rigarta da shuɗiyar suwaita. Ta ɗago ta gan mu, ta ajiye biro.

"Mai huluna, lafiya? Oya, shigo da ita ciki." Ta juya ga matan benci. "Ku kuma kowa ta kalli cikinta."

Ta ja labule. Ba ta tambayi wa ya taɓa ta ba. Ta fara tambayar sunanta, ta ce, "Jannatu, zan duba ki, yayarki na nan ba inda za ta. Duk abin da zan yi sai na faɗa miki tukuna. Kin yarda?" Jannatu ta gyaɗa kai. Sista ta sa mata robar fitsari. Jama'a, na ga jikin yarinyar nan ya saki a hankali, ta sauke wani dogon numfashi, ta ce, "Wayyo Allah, na gode." Sista ta ɗebi fitsarin ta kai ɗakin gwaji, ta dawo ta ƙara duba ta, sannan ta wanke hannu ta jawo kujera ta zauna daidai fuskarta.

"Jannatu, ba ki da ciki. Kin ji ni? Ba ki da ciki, kuma ba ki yi laifin komai ba."

"Amma ya riƙe hannuna, Sista."

"Ko mutum ɗari sun riƙe hannunki, ba a samun ciki ta haka. Zan yi miki bayanin yadda ake samu, a hankali, idan kin warke. Yanzu ga abin da ke damunki. Kowace mace akwai 'yar fata siririya a bakin hanyar da jinin al'ada ke fita, kuma da 'yar ƙofa a jikinta. Ke taki a rufe aka haife ki da ita. Kin daɗe da fara al'ada, jinin ne ba ya samun hanya, yake taruwa a ciki duk wata. Shi ne ciwon, shi ne kumburin, shi ne ya danne hanyar fitsari. Halitta ce, ba ke kaɗai ba ce. Likita zai yi ɗan ƙaramin aiki a babban asibiti ya buɗe, shi ke nan."

Jannatu ta kalle ni. "Yaya, ki je ki faɗa wa Baba."

Ba sai na je ba. Hayaniyar Gwaggo muka fara ji daga waje, ta taho da Inna, ta kuma biya kasuwa ta ɗauko Baba, hannunsa duk baƙin mai. Sista ta shigar da su ofishinta ta rufe ƙofa, ta maimaita musu bayanin, ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma rage komai ba. Inna ta toshe baki da gyale. Gwaggo kuwa ta ce,

"To in an yanka wurin, wa zai yarda budurwa ce ranar aurenta? A bar shi, mu nemi na gargajiya ya narkar da jinin."

"Mama, ba abin da zai narkar da shi," in ji Sista. "In aka bar shi, zai iya lalata mata mahaifa, zai iya taɓa ƙoda. Yau fitsari ne ya tsaya. Ni ba zan tilasta muku ba, amma mahaifinta ne zai ce a yi ko kada a yi."

Duk muka juya muna kallon Baba. Ya daɗe yana murza hularsa a hannu.

"Sista, kin tabbata ba abin da ta yi?"

"Na tabbata, Malam."

"Tana ina?"

Aka ɗaga masa labule. Jannatu na ganinsa ta yi ƙoƙarin tashi ta durƙusa, da robar a jikinta. Ya riƙe kafaɗarta ya mayar da ita kwance. Ya ce, "Uwata, kin tashi lafiya?" Gaisuwar jiya ce yake amsawa. Sai ya juya da sauri ya ce wa Sista, "A yi. Yau in zai yiwu."

An yi aikin a babban asibiti, bai ɗauki lokaci ba. Likitan ya ce mun zo a kan gaɓa. Kwana kaɗan aka sallame mu, marar ta koma daidai, Jannatu ta fara cin ɗanwake da yaji kamar da. Gwaggo ta koma Diko ba ta yi wa kowa sallama ba. Inna kuwa ta riƙa bin Jannatu da kunu da farfesu, ta kasa haɗa ido da ita.

Na ɗauka an gama. Ku ma na san haka kuka ɗauka.

Ashe a bakin famfo labarin ya canza riga ne kawai. An ga ta shiga asibiti da ciki, an ga ta fito babu. Me ya rage? "An je an cire." Har da masu cewa Bayarabiyar nan dama aikinta ke nan, shi ya sa take tara 'yan mata. Baba ya tsaya a ƙofar masallaci ya yi bayani da bakinsa, mutumin da ko sunan al'ada bai taɓa furtawa ba, aka ce masa Allah ya ƙara sauƙi, aka juya baya aka ci gaba. Ƙawayen Jannatu biyu da suke biyo mata makaranta suka daina. Ta daina dariya. Takan zauna a bakin gado ta yi ta kallon taga.

Ranar wata Lahadi da la'asar Nasiruddeen ya zo. Wannan karon da shadda ruwan toka da hula, har da ledar lemo da ayaba ta mai jiki. Ya zauna a tabarma. Zuciyata ta ɗan yi sanyi, na ce a raina, ya dawo hankalinsa.

"Na yi magana da Hajiya," ya ce. "Na sha wahala, amma ta sauko. Ta ce za a sa rana."

"Alhamdu lillahi."

"Sai dai abu ɗaya take so. Ƙanƙani ne." Ya gyara hula. "Ta ce ita ba ta san maganar asibiti ba. Akwai tsofaffi biyu cikin danginmu, sun zo daga ƙauye, suna gida yanzu haka. A kawo Jannatu su duba ta da idonsu. In sun ce ba ta taɓa ɗaukar ciki ba, magana ta mutu, su da kansu za su wanke ta a gari."

Na maimaita maganar, "Su duba ta."

"Minti kaɗan ne, Mas'uda. Mata ne 'yan'uwanta."

"Yarinyar da ɗinki bai gama warkewa a jikinta ba. A kwantar da ita a gaban mutanen da ba ta sani ba, su buɗe ta, don a sa mana rana."

"Don a wanke ta! Ke ba kya son a wanke ta?"

"In kuma suka ga wurin aikin likita suka ce ba su gane ba fa? Ka san abin da za su ce. Sai ta koma ina?"

"To ya kike so in yi? Na bi ta nan, na bi ta can. Kin san irin faɗan da na sha a kanki?" Ya sassauta murya. "Ina son ki, Mas'uda. Kada ki bari wannan ɗan abin ya raba mu."

Wallahi na so in ce to. Kada ku ɗauka ban so ba. Na tuna ɗakin da ya kama mana a Kwamba, da labulen da na riga na ɗinka, da shekara biyu da na yi ina jin ƙarar babur ɗinsa tun daga kan kwana. Hawaye na zuba na ce,

"Jannatu ba za ta je ba. Ko Baba ya yarda, ni ban yarda ba."

Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. "Tsofaffin jibi za su koma. Ki yi tunani." Ya fita. Na ji ya tayar da babur, amma ba hanyar gida ya yi ba, ya nufi cikin gari.

Na zauna a zauren na yi kuka mai isata, na goge fuska don kada ta gani, na ɗauki ledar lemon na shiga gida. Inna na madafa tana tuƙa tuwo.

"Inna, ina Jannatu?"

"Ba tana wurinku ba? Na ba ta ruwa ta kai wa baƙo tun ɗazu."

Na juya. A bayan ƙofar zaure, ta ciki, ga kofin silba a ƙasa, cike da ruwa, an rufe shi da faifai. Na faɗa ɗakinmu. Gado a gyare. Hijabinta na makaranta ba ya jikin ƙusa. Matar ɗan haya ta ɗago daga tsintar shinkafa ta ce, "Ta bi ta ƙofar baya. Ta ce in an tambaya, ta je ta gyara wa yayarta aure."

Ledar ta suɓuce daga hannuna, lemo ya watse a tsakar gida.

Ban san yadda na ratsa layinmu ba. Ba gyale, ba takalmi, ɗankwali a hannu. Na tsallaka titi wani mai tasi ya taka birki yana zagina da Turancin kasuwa, ban waiga ba. Na bi ta bayan makarantar allo, na ratsa kwata, ƙaya ta soke ni ban tsaya cirewa ba. Ina gudu ina kiran sunan Allah, ina cewa ya sa ta ɓata hanya, ya sa ciwo ya tsayar da ita a wani wuri, ya sa ba kowa a gidan.

Gidan su Nasiruddeen mai koren ƙyaure ne, sau ɗaya na taɓa shigarsa, kaina a ƙasa, ana yaba kunyata. Na tura ƙyauren ya bugi bango. Tsakar gidan ba kowa, sai tukunya a kan murhu. A ƙofar ɗakin Hajiya labule a sake yake, ga takalma a jere: na Hajiya mai dutse-dutse, wasu tsofaffin takalman fata ƙafa biyu duk jar laka, sai 'yan silifas shuɗaye, ƙanana, an ajiye su a gefe a daidaice, kamar yadda Inna ta koya mana in mun je gidan manya.

Daga ciki na ji muryar wata tsohuwa tana cewa, "Kwanta mana, 'yar nan, ai ba daɗewa za a yi ba."

Ban yi sallama ba. Na damƙi labulen na fizge shi har ƙusarsa ta fita.